Giranit ne ko dasait? Muhawara kan samfurin dutse daga Tsafe

Injiniyan Titi, Gusau:
Assalamu alaikum. Ga tambaya ga masana duwatsu na wannan zaure. Dutse ne daga wani wurin fasa dutse a gefen Tsafe, za a yi tsakuwar titi da kankare da shi. Ƙwayoyinsa manya ne, ana ganin kwaz da ido, ga felsfa ruwan hoda masu tsawon santimita 3 zuwa 4, ga baƙar maika a tsakaninsu. Awon sinadarai ya dawo haka, kashi cikin 100: SiO2 (silika) 67.6, Al2O3 (alminiyom) 14.8, CaO (kalsiyom) 3.0, Na2O (sodiyom) 3.3, K2O (fotasiyom) 4.1, sai nauyin da ya ragu bayan gasa garin, wato LOI, 0.8. Mai rubuta rahoto ya ɗora alƙaluman a jadawalin TAS, wanda ke raɗa wa dutse suna daga yawan silika da na alkali (sodiyom da fotasiyom), ya ce dasait ne. Wanda ya je wurin ya duba kuma ya rubuta giranit. Wanne za a ɗauka, kuma da wace hujja?

Malam Mai Guduma, Zuru:
Wa alaikumus salam. Injiniya, cire dasait ɗin tun yanzu. Dasait sunan dutsen da ya fito sarari ne ya huce da sauri, mafi yawan ƙwayoyinsa ba su kai milimita 1 ba, wani ma gilashi ne zalla. Dutsen da kake ganin ma'adinansa da ido, har kana auna felsfa da rula, a can ƙarƙashin ƙasa ya huce a hankali. Jadawalin TAS na Le Bas da abokan aikinsa na 1986 an yi shi ne don duwatsun aman wuta, saboda su ba a iya ƙirga ƙwayoyinsu, dole a koma ga sinadari. Mai manyan ƙwayoyi kuwa jadawalin QAPF na Streckeisen ake bi, mai raɗa suna daga yawan kwaz da ire-iren felsfa, wanda ƙungiyar masana jiyoloji ta duniya, IUGS, ta amince da shi tun shekarun 1970. Da ƙirge ake shiga shi, ba da awon gari ba.

Gero ɗaya ne ake tuwo da fura da shi. In ka kai su ɗakin gwaji za a ce maka gero ne duka, amma ba za a gaya maka wanne aka tuƙa wanne aka dama ba. Haka giranit da riyolait suke, haka giranodayorait da dasait, haka gabro da basal: sinadari ɗaya, na farko a ƙarƙashin ƙasa ya huce, na biyu a sarari.

Hajiya Mai Awo:
Malam, na yarda dasait kuskure ne, amma kada a jefar da awon gaba ɗaya. Akwai TAS da aka daidaita don duwatsun cikin ƙasa, kuma gurbin dasait a can giranodayorait ne. Silika 67.6 da jimillar sodiyom da fotasiyom 7.4 nan suke faɗawa. Ni da za a tambaye ni, giranodayorait zan ce, domin injin awo ba ya son zuciya. Ido kuwa ja yake bi. Felsfa mai ruwan hoda tana cika ido, mutum ya ba ta kashi 45 alhali ba ta kai 30 ba. Baƙaƙen ma'adinai ma haka ake ƙara musu.

Malam Mai Guduma, Zuru:
Gaskiyarki game da ido, Hajiya. Shi ya sa ban ce a kimanta ba, na ce a ƙirga. Injiniya, an yi ƙirgen kuwa?

Injiniyan Titi, Gusau:
An yi a kan siraran falle biyu na dutsen, irin waɗanda ake dubawa a madubin ƙara girma. Ɗaya ya ba da felsfar fotasiyom 12, ɗayan 44. Shi ya sa ban kawo shi da farko ba.

Malama Mai Madubi, Gusau:
Wannan saɓanin ba laifin mai ƙirge ba ne, laifin girman fallen ne. Fallen madubi bai wuce santimita 2 da rabi a 4 da rabi ba, kaurinsa milimita 0.03. Felsfa ɗaya mai santimita 4 in ta faɗo ciki ta cinye rabinsa, in kuma wuƙa ta kauce mata sai ka ga kamar babu ita a dutsen. Irin giranit ɗinmu na nan mai manyan felsfa ba a ƙirga shi da falle kaɗai.

Ga yadda ake yi. A yanka dutsen da zarton lu'ulu'u a fitar da allo mai faɗin aƙalla santimita 15 a 15, in da hali biyu, ɗaya a gicciye da ɗaya, saboda manyan felsfar kan jeru su fuskanci gefe guda. A goge fuskar ta yi sumul, a wanke mai da ƙura. A taɓa fuskar da asid na HF na ɗan lokaci, a ɗauraye, sannan a tsoma ta a ruwan sodiyom kobaltinaitirait mai kauri kamar minti ɗaya. Felsfar fotasiyom za ta koma rawaya shar. Filajiyokiles, wato felsfar sodiyom da kalsiyom, zai yi fari kamar alli, kwaz ya zauna toka-toka mai sheƙin gilashi, bai karɓi komai ba. In ana son filajiyokiles ya yi ja, sai a bi da bariyom kulorayid da rini na amaran. Daga nan a ɗora leda mai layuka murabba'i, a rubuta ma'adinin da ke ƙarƙashin kowace mahaɗa. Tazarar layukan kada ta yi ƙasa da girman matsakaiciyar ƙwaya, in ba haka ba ƙwaya ɗaya za ka yi ta maimaitawa kana zaton ka tara ɗigo da yawa.

Yawan ɗigo kuma yana da lissafi. Ma'adinin da yake kashi 20, in ka ƙirga ɗigo 300, kuskurenka na iya kai 4.6 sama ko ƙasa. In ka kai 1,000 sai ya sauko 2.5. Iyakar giranit a kwaz 20 take, don haka dutsen da ya ba da 22 a ɗigo 300 ba a gama da shi ba.

Maganar HF kuwa ina roƙo da girman Allah kada wani ya gwada ta a shago ko a gida. Tana iya ratsa fata ba tare da zafi da farko ba, ta je ta janye kalsiyom na jini da ƙashi, tana kisa. Sai cikin akwatin zuƙe hayaƙi, da kwanon roba domin tana cin gilashi, da safar hannu mai kauri, da man kalsiyom gulukonet a ajiye kusa.

Injiniyan Titi, Gusau:
Malama, Allah ya ƙara sani. An yi allo ɗaya yadda kika ce, ɗigo 1,000: kwaz 25, felsfar fotasiyom 27, filajiyokiles 34, bayotait (baƙar maika) 10, honbilen (shi ma baƙin ma'adini ne) 3, sauran 1.

Malam Mai Guduma, Zuru:
Madalla. To a ajiye baƙaƙen da sauran 1 ɗin gefe, 14 ke nan, ba su shiga jadawalin. Saura 25 da 27 da 34, jimilla 86. A mayar da su 100: kwaz 25 bisa 86 ya ba da 29, felsfar alkali, wato ta fotasiyom, 31, filajiyokiles 40. Kwaz 29 yana tsakanin 20 da 60, dutsen ya shiga dangin giranit. Sai a duba rabon filajiyokiles cikin felsfa duka: 34 bisa 61, kusan 56. Daga 0 zuwa 10 giranit mai felsfar alkali ne, 10 zuwa 35 sayanogiranit, 35 zuwa 65 monzogiranit, 65 zuwa 90 giranodayorait, abin da ya haura 90 tonalait. Naka 56, monzogiranit ne, kuma bai ma kusa da iyaka ba. Cikakken suna: monzogiranit mai bayotait da honbilen, mai manyan felsfa.

Mutane da yawa suna mance wannan mayarwa zuwa 100. Dutse mai kwaz 17 da baƙaƙe 25 sai a ce bai kai giranit ba, alhali 17 bisa 75 ya haura 22.

Hajiya Mai Awo:
Na karɓi ƙirgen. Amma a bayyana wa masu karatu abin da ya sa hanyoyin biyu suka saɓa, kada a zaci ɗaya ƙarya take. TAS abu biyu kawai take gani, silika da jimillar Na2O da K2O. Ba ta san ina sodiyom ya zauna ba. Mafi yawan sodiyom na wannan dutsen a cikin filajiyokiles yake, kuma wani kaso na fotasiyom a cikin bayotait yake. QAPF kuma ba ruwanta da bayotait, sannan felsfar da ke da zaren albait (felsfar sodiyom) a cikinta, wato fatait, gaba ɗaya take jefa ta a gefen alkali. Layukan jadawalin biyu ba za su taɓa hawa kan juna daidai ba. Haka lissafin CIPW na 1902, wanda ke mayar da awon sinadari zuwa ma'adinai na takarda: babu bayotait ko honbilen a cikinsa, duk fotasiyom sai ya zuba shi a otokiles, wato felsfar fotasiyom. In ka ɗora sakamakonsa a QAPF kai tsaye, sunan zai goce.

Inda awo ya fi ƙirge shi ne asalin dutsen. A ɗauki A/CNK, wato alminiyom bisa jimillar kalsiyom da sodiyom da fotasiyom, amma a mol ake yi, wato a fara raba kowanne da nauyin ƙwayar sinadarinsa. Al2O3 14.8 a raba da 101.96, 0.145. CaO 3.0 a raba da 56.08, 0.053. Na2O 3.3 a raba da 61.98, 0.053. K2O 4.1 a raba da 94.2, 0.044. A raba na farko da jimillar ukun, a sami 0.97. Ƙasa da 1 yake, kuma ya dace da honbilen da aka gani, domin dutsen da alminiyom ya yi masa yawa farar maika ko ganet yake fitarwa, ba honbilen ba. Kuskuren da ke yawo a rahotannin ɗalibai shi ne raba kashin nauyi kai tsaye: 14.8 bisa 10.4 ya ba da 1.42, sai a rubuta cewa dutsen daga narkewar laka ya samo asali, tunda Chappell da White sun sa iyakar wannan iri a 1.1. Duk wanda ya ga 1.4 a giranit mai honbilen ya san lissafi ne ya karkace, ko kuma dutsen ya ruɓe.

Ɗan Kwatarkwashi:
Hajiya ta taɓo inda ya fi damuna, ruɓewa. Yawancin samfuran da ake kaiwa awo daga saman falalen dutse ake ɓantaro su, inda rana da ruwa suka shekara suna ci. Filajiyokiles ne ke fara lalacewa ya koma yumɓu, kalsiyom da sodiyom su bi ruwa, alminiyom ya zauna. A/CNK ya hau, alkali ya sauka, ɗigo ya bar gidansa a kowane jadawali. Alamun suna nan a hannu: felsfa ta yi fari ba sheƙi, wuƙa na karce ta alhali lafiyayya taurinta 6 ne wuƙa 5 da rabi, tsatsa ta zagaye bayotait, in ka buga guduma sai ka ji dum maimakon ƙara mai tsini. Ƙa'idar IUGS ga TAS ita ce ruwan cikin dutse kada ya kai kashi 2, CO2 kada ya kai 0.5, kuma a cire LOI a mayar da sauran 100 kafin a ɗora. LOI 0.8 na Injiniya lafiya lau ne.

Sai nauyin samfur. Dutse mai felsfar santimita 4 ba a ɗaukar masa ɗan guntu kamar ƙwai. A tara kilo 5 ko fiye daga sabuwar fuskar da nakiya ta buɗe, a farfasa duka, a gauraya, a raba huɗu a ɗauki biyu masu kallon juna, a yi ta maimaitawa har a sauko gram 100, sannan a niƙa ya wuce rariya mai maikiron 75. Injin niƙa ma yana barin sawunsa: na ƙarfe yana ƙara ayon da kuromiyom, na tongistin kabayid yana ƙara tongistin da kobal. A niƙa farin kwaz tsakanin samfur da samfur don wanke kwanon. Kuma kada a daka dutsen da ba a san cikinsa ba a turmin gida. Gubar dalma ta 2010 a Dareta da 'Yargalma da Bagega daga niƙa dutsen zinare a cikin gidaje ta taso, yara sama da 400 suka rasu.

Mai Burtsatse, Birnin Kebbi:
Ranku shi daɗe, ku bar ni in sa baki ta gefen masu tono. Kahin a kai ga QAPF, a tabbatar dutsen narkakke ne tukuna. Nan Birnin Kebbi da Argungu da Gwandu bisa yashi da laka na kwarin Sakkwato muke, marmarar da anka gani bisa tudu ba ta da alaƙa da aman wuta, ko da ta yi ramu-ramu kamar ta tafasa. Sai an gangara Zuru da Yawuri da Danko-Wasagu ake hawa tsohon dutse. Can kuma rabin abin da ake kira giranit nais ne ko migmatait, mai layi fari da baƙi a jere. In garin tono kawai kake gani shina fitowa, kwaz da felsfa da maika ne duka, ba ka rarrabewa. To mi za a rubuta ga irin wannan?

Malama Mai Madubi, Gusau:
Da garin tono kaɗai, a rubuta abin da aka gani: dutse mai kwaz da felsfa da bayotait, a ƙara da "mai kama da giranit". Suna cikakke sai da dunƙule. In layukan sun rarrabu, farare daban baƙaƙe daban, kwaz ya miƙe kamar an ja shi, nais ne, sai a ce nais mai haɗin giranit ko na tonalait, gwargwadon ƙirge. Amma a yi hattara, jeruwar manyan felsfa kaɗai ba ta mai da dutse nais. Giranit ɗin da Falconer ya kira Tsofaffi a 1911, irin na Gusau da Tsafe da Kwatarkwashi, sun kutso ne lokacin matsin Pan-Afirka, wajen shekaru miliyan 600 da suka wuce, don haka da yawansu suna da wannan jeri tun suna ruwa-ruwa. In felsfar tana nan da kusurwoyinta huɗu ba ta murɗe ta zama kamar ido ba, giranit ne.

Sababbin giranit na Filato da Riruwai a Kano daban suke, na zamanin Jurasik ne galibi, wasunsu alkali ya fi alminiyom yawa har suna fitar da shuɗin amfibol, kuma su ne masu kuza. Kada a kwaso sunayensu a liƙa wa dutsen Zamfara don launi ya yi kama.

Injiniyan Titi, Gusau:
Na gode ƙwarai. Ga masu cewa suna ba ya gina titi, ga inda yake shafarmu. Dasait da riyolait kan ƙunshi gilashi da silika mai laushin ƙwaya, wadda ke haɗuwa da alkalin siminti ta kumbura ta tsattsaga kankare bayan shekaru. Da an bar dasait a takarda, da an ɗora wa wurin zargin da ba nasa ba. Giranit kuma nasa ciwon daban ne: tsakuwa mai yawan kwaz ba ta riƙe kwalta sosai in ruwa ya shiga, shi ya sa ake zuba garin laim kashi 1 zuwa 2 na nauyin tsakuwa. Bayotait in ta yi yawa a cikin ƙurar tana shan ruwa ta rage ƙarfin kankare. Nais kuwa falle-falle yake fashewa.

Saura abu ɗaya. Akwai baƙar jijiya mai faɗin kamar mita 2 da ta ratsa ramin a tsaye. Masu fasa dutse baƙin giranit suke ce mata.

Malam Mai Guduma, Zuru:
Wannan sunan kasuwa ne, a jiyoloji babu shi. Abu huɗu za ta iya zama, kuma ana tace su tun a wurin. Fara da nauyi: rataya guntu da zare, auna shi a iska, auna shi a nutse cikin ruwa, raba nauyin iska da bambancin biyun. Giranit 2.6 zuwa 2.7 yake bayarwa, dolarait da gabro 2.9 zuwa 3.1. Sai madubin hannu mai ƙara girma sau 10. In baƙin ma'adinin yana tsagewa a kusurwa kusan 90, fairoksin ne. In tsagar ta buɗe 124 da 56, mai tsawo kamar allura, honbilen ne. Fairoksin da siraran filajiyokiles a warwatse, ƙwaya milimita 1 zuwa 3, dolarait ke nan. Honbilen a jere layi ɗaya, amfibolait ne, dutsen da ya riga ya sauya. Duba bakin jijiyar kuma: in ƙwayoyin sun yi laushi sosai daf da giranit suna girma zuwa tsakiya, ta shigo ne bayan giranit ya huce.

Na ukun shi ne dayorait ko gabro. Su biyun gida ɗaya suke zaune a QAPF, kalsiyom na filajiyokiles ke raba su: anotait, wato kason kalsiyom ɗin, ƙasa da 50 dayorait, sama da 50 gabro. A madubi ana auna kusurwar duhuwar tagwayen layukan filajiyokiles a ƙwaya 8 zuwa 10, a ɗauki mafi girma. Wajen digiri 27 zuwa 28 ne iyakar.

Na huɗun shi ke ruɗin mutane: dutse mai duhun kore wanda felsfarsa da kwaz ɗinsa suka yi duhu, dangin canokait, irin bauchait da aka raɗa wa sunan Bauchi. Baƙi ne a ido, amma nauyinsa bai kai na gabro ba, kuma ƙirge na iya kai shi gidan giranit ko monzonait.

Hajiya Mai Awo:
In ƙwayoyin jijiyar sun yi laushin da ba a ƙirgawa, nan TAS ta halatta. Silika 45 zuwa 52 da alkali ƙasa da 5 basal ne, 52 zuwa 57 andisait mai kusa da basal, 57 zuwa 63 andisait. Sai dai a kula da injin. Ƙaramin injin awon sinadarai na hannu, XRF, da dillalan ma'adinai ke yawo da shi ba ya karanta sodiyom, kuma silikarsa a kan ɗanyen dutse ba abin dogaro ba ce. Ba sodiyom, ba TAS. A kai babban ɗakin gwaji, irin na hukumar binciken jiyoloji ta ƙasa, NGSA, da ke Kaduna, a nemi a narkar da garin da litiyom boret ya zama gilashi kafin awo, a kuma duba jimillar ta faɗo tsakanin 99 da 101. Masu bin fegmatait, dutse mai manya-manyan ƙwayoyi, don litiyom su lura: XRF ba ya ganin litiyom sam, kuma waccan narkarwar ita kanta litiyom ce. Nasu sai wani injin awo daban, ICP, da narkarwar sodiyom feroksayid.

Tsofaffin duwatsun aman wuta da ke cikin shis na yankin Anka kuwa sodiyom da fotasiyom ɗinsu sun riga sun motsa. Su jadawalin Winchester da Floyd na 1977 ake bi, Zr bisa TiO2 da Nb bisa Y, domin waɗannan ba su cika bin ruwa ba.

Mai Burtsatse, Birnin Kebbi:
Ga koren dutse mai santsi kamar sabulu da ake samu wajen Anka hwa? Wuƙa na cin shi, maganaɗisu na kama shi kaɗan.

Ɗan Kwatarkwashi:
Safantinait ne, kamar na Tungan Kudaku inda ake samun kuromait. Asalinsa dutse ne da baƙaƙen ma'adinai suka kai kashi 90, silika ƙasa da 45, kuma irin wannan QAPF ba ta karɓarsa, yana da nasa jadawalin na olibin da fairoksin biyu: olibin sama da 40 feridotait, sama da 90 dunait. Amma ruwa ya riga ya cinye olibin ɗin, ya bar safantin da magnetait, shi ne maganaɗisu ke kamawa. LOI ɗinsa kan kai 12 zuwa 13, kuma a nan ba alamar ruɓewar sama ba ce, ruwan a cikin ginin ma'adinin yake. A rubuta safantinait, sai in madubi ya nuna ragowar siffar olibin ko fairoksin a ƙara faɗin asalinsa. In ka ga siraran jijiyoyi masu zare kamar auduga a jikinsa, asbestos ne: a jiƙa shi kafin a fasa, a rufe hanci da takunkumi mai tace ƙura, kuma kada ya shiga injin tsakuwa.

Malama Mai Madubi, Gusau:
Injiniya, ita jijiyar ka ɗauko mata samfur uku: ɗaya daga tsakiya don awo da ƙirge, ɗaya daga baki, ɗaya kuma mai haɗe da giranit ɗin a jikinsa don a yanka falle a kan mahaɗar. Na awon kada ya fito daga cikin santimita 20 na bakin, domin nan ne take haɗiye guntayen giranit, silika da fotasiyom su hau. A sa wa kowanne lamba da fenti a jikin dutsen da kuma a kan leda, a rubuta inda jijiyar ta dosa da kamfas kafin nakiya ta gaba ta tashi da wurin.